Filin RFK na Washinton: takardar hayar da ta buɗe wa baƙar fata ƙofa, da baƙin da suka raya shi

Ranar Laraba 29 ga Yuni 1994, da yamma, mun cika shagon wani tela a nan Idi-Araba, yara a ƙasa, manya a kan benci, muna kallon Saudiyya da Beljiyam a gasar cin kofin duniya. Minti biyar da take wasa sai Saeed Al-Owairan ya karɓi ƙwallo tun daga ɓangarensu, ya riƙa ratsa 'yan bayan Beljiyam ɗaya bayan ɗaya har ya isa gaban gola Michel Preud'homme, ya zura ta a raga. Kabbarar da aka yi a shagon nan sai da maƙwabtanmu Yarabawa suka leƙo suna tambayar ko lafiya. Da wannan ƙwallo ɗaya tilo Saudiyya ta ci wasan, ta kuma tsallaka zagaye na biyu a zuwanta na farko gasar.

A lokacin ko sunan filin ban sani ba. Sai da labari ya zo a 2025 cewa ana rushe wani tsohon filin wasa a Washinton, babban birnin Amurka, na ga hotonsa da rufinsa mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, sannan na gane ashe nan ne Owairan ya yi abin nan nasa. Sunansa filin tunawa da Robert F. Kennedy, amma kowa RFK yake ce masa. Na bi tarihinsa, na ga akwai abin da ya kamata mu da ke zaman ci-rani da kasuwanci a Legas, Ibadan, Fatakwal da Anaca mu sani a ciki. Mutanen da suka cika filin nan shekara da shekaru daban, waɗanda ke riƙe da takardar ƙasar daban, kuma duk wata babbar magana da aka yanke a kansa, takardar ce ta yanke ta.

Wasa biyu a fili ɗaya

Bari in fara da wasannin da aka gina filin dominsu, tunda yawancinmu ba mu saba da su ba.

Abin da Ba'amurke ke kira futbol daban yake da tamaular da muka sani. Ya fi kama da zari-ruga: mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulke, ƙwallon kuma doguwa ce kamar gwanda, ana rungumarta a ruga ko a jefa wa abokin wasa. Filinsa dogo ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa kimanin mita 110, faɗinsa kusan mita 49.

Shi kuwa besbol wasan sanda ne, mutum tara tara. Ɗaya yana tsayawa a kan ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai girman lemo daga nisan kusan mita 18, na ɗaya ɓangaren ya make ta da sanda, sannan ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu kafin a tsinto ƙwallon. Duk wanda ya zagayo ya dawo inda ya fara, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. Ana yin zagaye tara, kuma a kowane zagaye sai an fitar da mutum uku kafin ɓangare ya ajiye sanda. Siffar filinsa kamar ka yanka kankana gida huɗu ka ɗauki yanki guda.

To ka ga matsalar: wannan dogo, wancan mai kwana. Amma lissafin kuɗi ya sa hukumomi suka so haɗa su. Ƙungiyar besbol tana buga wasa 81 a gida kowace shekara, ta futbol kuwa a wancan zamani wasa 7 kacal. Gina fili guda don kwana bakwai a shekara asara ce. Sai masu zane suka ce a yi shi zagaye kamar faifai, a ɗora wani sashe na kujerun ƙasa a kan dogo irin na jirgin ƙasa, yadda za a riƙa tura su gefe idan besbol za a yi, a dawo da su idan lokacin futbol ya zo.

Haka aka gina shi a gabashin birnin, a bakin kogin Anacostia, kimanin mil biyu daga ginin majalisar dokokin Amurka, a kan kuɗi dala miliyan 24. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba 1961 da sunan D.C. Stadium. Shi ne na farko cikin manyan filayen da aka tsara tun daga tushe don wasannin biyu, sai sauran birane suka bi sahu: Atlanta a 1965, St. Louis a 1966, Cincinnati da Pittsburgh a 1970, Philadelphia a 1971. Kamanninsu ya yi yawa har Amurkawa suna yi musu ba'a cewa da mazubi ɗaya aka zuba su, kamar bulo.

Attajirin da ya rantse ba zai ɗauki baƙar fata ba

Ƙungiyar futbol ta birnin a lokacin sunanta Washington Redskins, wato jajayen fata, kalmar da 'yan asalin ƙasar Amurka ke ɗauka a matsayin zagi. Mai ita shi ne George Preston Marshall, wanda ya yi kuɗinsa a harkar wanki da guga, ya kuma ɗauko ƙungiyar daga Boston ya kawo ta Washinton a 1937.

Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a babbar gasar futbol ta NFL. An fara sake ɗaukarsu a 1946, kuma sannu a hankali kowace ƙungiya ta bi. Zuwa 1961, cikin ƙungiyoyi 14 na gasar, ta Marshall ce kaɗai ba ta taɓa sa baƙar fata a wasa ba. Bai ɓoye ba. Yana da tashoshin rediyo da talabijin masu watsa wasanninsa a jihohin kudancin Amurka, inda wariyar launin fata ke da gindin zama, ya kuma ɗauki ƙungiyarsa a matsayin ta fararen kudu. Duk wannan a birnin da fiye da rabin mazaunansa baƙar fata ne tun ƙidayar 1960. 'Yan jarida sun yi rubutu, ƙungiyoyin kare haƙƙi sun yi zanga-zanga a ƙofar fili, Marshall ko gezau.

Abin da ya karya shi takarda ce da shi da kansa ya sa wa hannu. Ya karɓi hayar sabon filin na shekara 30, amma ƙasar da aka yi ginin a kanta ta gwamnatin tarayya ce, a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, wadda a Amurka ita ke kula da filaye da gandun dajin gwamnati. A watan Maris 1961, ministan ma'aikatar a gwamnatin John F. Kennedy, Stewart Udall, ya aika masa da gargaɗi: ƙa'idar amfani da ƙasar tarayya ta hana nuna wariya wajen ɗaukar ma'aikata, don haka ko ya ɗauki baƙar fata ko ya nemi wani wurin wasa.

Marshall ya yi ta kumfar baki a jaridu. Har 'yan jam'iyyar Nazi ta Amurka suka fito da kwalaye suna goyon bayansa. Daga ƙarshe shugaban gasar, Pete Rozelle, ya shiga tsakani, aka ba shi wa'adi zuwa kakar 1962. A kakar 1961, wadda ita ce ta ƙarshe da ya buga da farare zalla, ƙungiyarsa wasa ɗaya ta ci cikin 14, aka doke ta 12, ta yi canjaras ɗaya.

A tsarin Amurka, ƙungiyar da ta zo ta kashin baya ita ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i. Marshall ya zaɓi Ernie Davis, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a, sannan ya yi musayarsa da ƙungiyar Cleveland, ya karɓi Bobby Mitchell. Davis, Allah sarki, bai buga ko wasa ɗaya ba, cutar sankarar jini ta kashe shi a 1963 yana ɗan shekara 23. Mitchell kuwa a shekararsa ta farko a Washinton ya fi kowa a gasar yawan cafe ƙwallo, sau 72, ƙungiyar kuma ta tashi daga cin wasa ɗaya zuwa biyar. Ya zauna da ƙungiyar kimanin shekara 40, daga ɗan wasa har ya zama babban jami'i a ofishinta.

Abin lura shi ne ba wannan ne karon farko ba. A 1946 ma, ƙungiyar Rams ta ɗauki Kenny Washington da Woody Strode ne saboda hukumar babban filin Los Angeles, wanda na jama'a ne, ta sa hakan cikin sharaɗin ba ta haya. Sau biyu ke nan sharaɗin haya yana yin abin da wa'azi da roƙo suka kasa.

A watan Janairu 1969, kwanaki kafin ya bar ofis, Udall ɗin nan ne ya sanar da sauya wa filin suna don tunawa da Sanata Robert F. Kennedy, ƙanen shugaba Kennedy, wanda aka harbe a watan Yuni 1968 yana neman takarar shugaban ƙasa.

Daren da 'yan kallo suka kwashe fili

Ƙungiyar besbol ta birnin, Senators, ta shiga filin a watan Afrilu 1962, shugaba Kennedy ne ma ya jefa ƙwallon farko. Amma ƙungiya ce da ba ta cika cin wasa ba. Shekara ɗaya ce kawai, 1969, nasarorinta suka fi faɗuwarta yawa. Abin alfaharinta shi ne wani ƙato mai suna Frank Howard, wanda ke maka ƙwallo har saman bene, hukumar filin kuma ta riƙa shafa wa kujerun da ƙwallonsa ta faɗa farin fenti don tarihi.

A Amurka ƙungiya dukiyar mai ita ce, kamar mota. Idan ya ga wani gari ya fi tsoka, yana iya kwashe ta dungurungum ya tafi, muddin sauran masu ƙungiyoyi sun yarda. Ka ƙaddara a wayi gari a ce an mayar da Kano Pillars Uyo an sauya mata suna. Mutanen Washinton sun riga sun ɗanɗana wannan a 1960, da aka kwashe tsohuwar ƙungiyarsu aka kai Minnesota. Sai ga shi a 1971 mai sabuwar, Bob Short, ya ce yana asara, ya samu tayi mai daɗi daga jihar Teksas, zai tafi.

Wasan ƙarshe ya kama ranar 30 ga Satumba 1971, da New York Yankees. Senators na gaba da maki 7 da 5, an shiga zagaye na tara, saura mutum ɗaya a fitar a tashi. Sai 'yan kallo suka ɓarke cikin fili. Wani ya tumɓuke tashar farko ya ruga da ita, wasu suka riƙa yankar ciyawa suna cusawa a aljihu, wasu suka hau allon maki suna ciro haruffa. Alƙalan wasa suka jira, abin ya ƙi lafawa, suka ba Yankees wasan da maki 9 da 0 kamar yadda doka ta tanada. Ƙungiyar ta koma Teksas ta zama Rangers, babban birnin Amurka kuma ya shekara 33 babu besbol.

Zamanin da kujeru ke rawa

Futbol ne ya riƙe filin bayan nan, kuma nan ne RFK ya yi sunansa. Kujerun nan da aka ɗora a kan dogo ba su da ƙwari kamar na kankare, don haka idan dubban mutane suka yi tsalle tare, sai sashen gaba ɗaya ya riƙa sama da ƙasa. Abin da injiniya zai kira aibi, shi ya zama makamin 'yan gida. Filin ba shi da girma sosai, mutum 56,000 ne iyakarsa, 'yan kallo kuma suna dab da 'yan wasa, ihu ba ya fita. Shekaru da dama tikiti ba ya kwantai, har gadonsa ake yi daga uba zuwa ɗa.

A ƙarƙashin koci Joe Gibbs ƙungiyar ta ci kofin Super Bowl sau uku, a kakar 1982, 1987 da 1991. Na biyun shi ya fi jan hankalina. Wanda ya jagoranci 'yan wasa a fili, mai rarraba ƙwallo, shi ne Doug Williams, baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi a wannan matsayi. A RFK ya doke Minnesota ya samu tikitin wasan ƙarshe, a watan Janairu 1988. Ƙungiyar da sai da gwamnati ta murɗe wa hannu kafin ta ɗauki baƙar fata, ita ce ta kafa wannan tarihi shekara 26 bayan nan.

Duk da haka mai ƙungiyar na lokacin, Jack Kent Cooke, bai gamsu ba. Harkar ta sauya. Kuɗin yanzu yana cikin ɗakunan alfarma masu gilashi da kamfanoni ke kamawa na shekara, RFK kuwa an gina shi tun kafin a san da wannan ciniki. Cooke ya gina nasa filin mai ɗaukar kusan mutum 80,000 a Landover, cikin jihar Maryland. Wasan ƙarshe a RFK an yi shi ranar 22 ga Disamba 1996, suka lallasa abokan gabarsu na Dallas 37 da 10, 'yan kallo suka sake tafiya gida da ciyawa da ɓallin kujeru.

A daidai wannan zamani yayin filin haɗaka ya wuce. Tun da Baltimore ta buɗe Camden Yards a 1992 don besbol kaɗai, kowa ya gane cewa fili mai zagaye ba ya gamsar da ko ɗaya cikin wasannin biyu: mai kallon besbol ya yi nisa da wasa, kujerar mai kallon futbol kuma ta kalli wani wajen. Aka bi su ana rushewa: Atlanta a 1997, Pittsburgh a 2001, Cincinnati a 2002, Philadelphia a 2004, St. Louis a 2005. RFK da ya riga su zuwa, shi ya rage a tsaye.

Baƙi suka karɓi fili

Abin da ya tsawaita ransa ita ce tamaula irin tamu, wadda a lokacin Amurkawa da yawa ke ganin wasan baƙi ce. Dama filin ya san ta, don Johan Cruyff na Holan ya buga wa Washington Diplomats a nan a 1980 da 1981. A gasar duniya ta 1994 an buga wasa biyar a RFK: Norwe da Meziko, Holan da Saudiyya, Italiya da Meziko, Beljiyam da Saudiyya, sai Sifaniya da Suwizalan a zagaye na biyu. Super Eagles ba su taka shi ba, su a Dallas da Foxboro suka yi nasu wasannin. A 1996 kuma an buga wasu wasannin tamaula na gasar Olamfik a cikinsa.

A shekarar 1996 ɗin aka fara buga sabuwar gasar tamaula ta Amurka, MLS, ƙungiyar D.C. United ta kama haya a RFK. Taurarinta na farko baƙi ne: Marco Etcheverry da Jaime Moreno daga Bolibiya, Raúl Díaz Arce daga El Salvador. Yankin Washinton cike yake da mutanen waɗannan ƙasashe, da yawansu ma'aikatan gini, gidajen abinci da share ofisoshi, wasu gudun yaƙin basasar El Salvador ya kawo su. Su suka zo da ganguna da tutoci suka hau kujerun nan masu rawa, ƙungiyar magoya baya ta La Barra Brava ta samo asali a cikinsu. Kafin wasa a taru a wurin ajiye motoci ana gasa nama, wanda ya zo a ba shi, kamar dai yadda muke yi a unguwa ranar Sallah. Ƙungiyar ta ci kofin gasar a 1996, 1997, 1999 da 2004, na 1997 ma a cikin RFK ta ɗaga shi.

Har ta kai idan tawagar Amurka za ta kara da wata ƙasa ta yankin a filin, sai ka rasa gane wane ne mai masaukin baƙi. Ranar 1 ga Satumba 2001, a wasan neman gurbin gasar duniya, mutum sama da 50,000 suka shiga, magoya bayan Honduras suka cika wuri da shuɗi da fari, aka doke Amurka 3 da 2 a babban birninta.

Mu ma 'yan Afirka ta Yamma muna da namu a tarihin. Freddy Adu, haifaffen Tema a ƙasar Gana, wanda iyalinsa suka shiga Amurka ta hanyar cacar biza, a RFK ya fara buga wa D.C. United ranar 3 ga Afrilu 2004 yana ɗan shekara 14.

A 2005 besbol ya dawo. Aka ɗauko ƙungiyar Montreal daga Kanada aka sa mata suna Nationals, shugaba George W. Bush ya jefa ƙwallon farko ranar 14 ga Afrilu. Shekara uku suna raba filin da 'yan tamaula. Kowane sauyi sai an tura kujeru, an sauke tudun mai jifa, an shimfiɗa ciyawa a kan jar ƙasar da 'yan besbol ke gudu a kai, 'yan tamaula kuma suna ƙorafin ƙwallo na yi musu tsalle a wurin ɗinkin. A 2008 Nationals suka tare a sabon filin da birnin ya gina musu da kuɗin jama'a sama da dala miliyan 600.

D.C. United, 'yan hayar da suka fi kowa haƙuri, suka ci gaba da zama cikin gini mai tsatsa, kankare na ɓantarowa, saman bene a rufe mafi yawan lokaci. Sai ranar 22 ga Oktoba 2017 suka yi wasan bankwana gaban mutum sama da 40,000, suka koma Audi Field mai ɗaukar 20,000, inda Wayne Rooney ya fara buga musu a watan Yuli 2018.

Wa ke da ƙasar?

Mai karatu zai ce, to me ya hana birnin gyara wurin ko ya mayar da shi gidaje? Amsar tana komawa ga takardar nan. Washinton ba jiha ba ce. Ba ta da gwamna, ba ta da sanata, wakilinta a majalisar wakilai ba ya jefa ƙuri'ar zartar da doka, kuma sai a 1973 aka ba mazaunanta ikon zaɓen magajin gari da kansiloli. A ƙarshen shekarun 1980 an miƙa wa birnin ginin filin, amma ƙasar ta ci gaba da zama ta tarayya, a kan hayar da za ta ƙare a 2038, da sharaɗin wasanni da shaƙatawa kawai za a yi a kanta. Babu mai zuba biliyoyi a ƙasar da hayarta ta kusa ƙarewa. Haka wurin ya zauna, ana kashe miliyoyin daloli a shekara wajen gadin kango.

A 2019 aka sanar za a rushe shi. Ranar 19 ga Yuni 2020, ana tsakiyar zanga-zangar kisan George Floyd, hukumar filin ta tumɓuke dutsen tunawa da Marshall da ke ƙofarsa. Wata guda bayan nan ƙungiyar ta ajiye tsohon sunanta, a 2022 ta zama Commanders. A shekarar kuma aka fara sayar wa magoya baya kujerun filin, kowa ya kai gida.

Ƙullin bai warware ba sai a watan Janairu 2025, da shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta miƙa wa birnin ikon eka sama da 170 na tsawon shekara 99, da damar gina gidaje da shaguna. Cikin wata huɗu magajiyar gari Muriel Bowser da mai ƙungiyar Commanders, Josh Harris, suka sanar da sabon fili mai rufi, na mutum 65,000, a kan kusan dala biliyan 3.7, wanda ake sa ran buɗewa a 2030. Ƙungiyar za ta sa biliyan 2.7, birnin ya sa sama da biliyan ɗaya. Majalisar birnin ta amince a watan Satumba 2025, bayan muhawara mai zafi, domin akwai mazauna unguwannin kewaye, irin su Kingman Park, tsohuwar unguwar baƙar fata, da ke cewa gidaje masu sauƙin haya suka fi buƙata. An sa dubban gidaje cikin yarjejeniyar, wani kaso na masu ƙaramin ƙarfi. Ko za a cika, sai an gani. Abin da ya tabbata shi ne ƙungiyar da ta tafi a 1996 ita aka shimfiɗa wa darduma ta dawo, don futbol ɗin Amurkawa aka zana sabon ginin, kuma da wuya tikitinsa ya yi daidai da aljihun masu gangunan da suka raya wurin shekara 22.

Idan na bi ta Surulere

Duk sanda danfo ya bi da ni ta gaban babban filin wasa na ƙasa a Surulere, labarin nan ke faɗo mini. An buɗe shi a 1972 zamanin Janar Gowon, ya karɓi wasannin Afirka a 1973. A nan Green Eagles suka ci Aljeriya 3 da 0 ranar 22 ga Maris 1980, shugaba Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka. A nan Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ranar 12 ga Agusta 1989. A nan Kamaru ta sa mu kuka a bugun fenariti a 2000. Tun wajajen 2004 babban filin ya daina ganin manyan wasanni. Shi ma na tarayya ne a cikin birnin da ke da tasa gwamnati, Legas ta nemi a miƙa mata shi a 2017, ga kuma filin Teslim Balogun na jiha a tsallaken titi.

Amma abin da ya fi kusa da mu ya wuce ƙwallo. Kasuwannin da muke ciki, na shanu, na gwari, na hatsi, yawanci kakanninmu suka same su fadama ko daji, suka cike, suka raya, har suka zama wurin da kowa ke kwaɗayi. Ranar da aka ce za a sabunta kasuwa, ba a tambayar wa ya daɗe. Takarda ake buɗewa. Mutanen Washinton sun ga fuskokinta biyu: sharaɗi ɗaya a cikinta ya tilasta wa attajiri mai taurin kai ɗaukar Bobby Mitchell, rashin sharaɗi kuma ya bar wani attajirin ya kwashe ƙungiyarsu ya kai Teksas suna ji suna gani.

Don haka ina roƙon shugabannin kasuwanninmu da sarakunan Hausawa: a binciko takardun wuraren da muke zaune tun ana zaman lafiya. A san ƙasar ta wace ce, ta tarayya, ta jiha, ta ƙaramar hukuma ko ta wani gida. A san shekara nawa aka rubuta, saura nawa, kuma ko akwai layin da ya ce idan an sake gini tsofaffin masu rumfa ne farko. In babu, a nemi lauya a zauna da masu ƙasa a saka shi yanzu, kafin katafila ta iso bakin ƙofa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu.